Sau Ɗaya a Shekara Goma Sha Ɗaya

Shekarata takwas a kamfanin kwalabe ban taɓa ganin inda ake narka gilashin ba. Abin kunya ne, na sani, amma gaskiyar ke nan. Ofishina yana hawa na uku, tagata tana kallon wurin ajiye motoci, kuma iyakar sanina da masana'anta shi ne wani gurnani da ke tasowa ta ƙarƙashin kujerata tun safe har in tashi. Ranar da aka kashe tanderu gurnanin ya ɗauke, na yi ta sosa kunne ina zaton shi ne ya toshe.

Aikina haɗa rahoton da muke aika wa masu hannun jari. Jan Biro ake ce mini a ofis, don ba takardar da ke bi ta teburina ta fita da farin jikinta. A rahoton nan riba iri biyu muke nunawa. Akwai wadda ƙa'ida ta tilasta, komai yana cikinta, mai daɗi da marar daɗi. Sai kuma gyararriyar riba, wadda mu ne muke zama mu tsince mata abin da muka ce ba na kullum ba ne, kamar gobara, ko shari'ar da ta faɗo mana ba zato. Ba laifi ba ne, kowane kamfani yana yi. Hujjar ita ce wanda ya zuba kuɗinsa yana son ya ga yadda ciniki yake tafiya in an ɗebe tsautsayi. Sharaɗin kawai, duk abin da aka cire sai an rubuta dalili a ƙarƙashinsa. Ni nake rubuta dalilin, ni nake sa hannu.

A shekarar nan aka tsayar da tanderu wata uku don a rushe cikinsa a sake ginawa. Wata uku ke nan za a biya albashi ba a fitar da kwalba ko ɗaya ba, a riƙa sayo na wasu da tsada don kada masu lemo da masu magani su gudu su bar mu. Da na buga lissafin, asarar ta cinye fiye da rabin ribar shekara. Dole a sanar da masu hannun jari tun wuri, a kuma gaya musu yadda za mu nuna ta.

Daraktan kuɗi ya kira ni ofishinsa. Mutum ne mai laushin murya, wanda ko korar ka zai yi sai ya fara tambayar lafiyar iyali.

"Jan Biro, layi ɗaya nake so," ya ce. "Ki sa: abu ne na sau ɗaya, ba mai maimaituwa ba. Shi ke nan, mu cire shi."

"To, ranka ya daɗe."

"Kin san ladan ƙarshen shekara da gyararriyar riba ake auna shi. Kwamitin da ke yanke ladan kuwa ba ya yarda a cire sai abin da ba ya dawowa. Ba nawa kaɗai ba ne, har na mai shara. Mutum ɗari huɗu da 'yan kai." Ya gyara zaman tabarau. "Har da yayanki, in ban manta ba."

Bai manta ba. Yaya ne ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Shekararsa ashirin da shida a bakin tanderun nan, har sunansa ya ɓace, Sarkin Wuta kawai ake kiransa. Girarsa ta daɗe da ƙonewa ba ta sake fitowa sosai ba. Da zufansa na yi makaranta, da bakinsa na samu aikin nan. Kuma na san inda ladan bana zai tafi, don tun bara yake faɗa: ɗakuna biyu da ya tayar a bayan gidansa suna tsaye ba rufi, yara sun girma, mata da maza suna cushe a ɗaki ɗaya. Har farashin kwano ya haddace.

Na koma teburina na buga layin yadda Darakta ya ce. Bai dame ni ba ko kaɗan. A ganina tanderu wata lamba ce a jerin kadarori, tsakanin janareta da motocin kaya.

Washegari da hantsi Yaya ya bugo waya, abin da ba ya yi a lokacin aiki.

"Auta, kina da aiki?"

"Kullum ina da aiki, Yaya."

"Ajiye shi ki sauko. Gobe za a fara fasawa. Zo ki ga abin da ya yi miki makaranta."

Aka ba ni hular kwano da wasu takalma da ƙafata biyu za su shiga ɗaya. Ma'aikata suna ta ƙunshe dariya ina jan su kamar mai tafiya a laka. Yaya ya tsaya yana jirana a gindin wani abu da na ɗauka bangon ginin ne, ashe tanderun ne. An huda rami a gefensa daidai shigar mutum a sunkuye. Ya miƙo mini tocila ya ce in bi shi, kada in taɓa komai sai ya ce.

Ban san yadda zan faɗi abin da na gani ba tare da a ce na ƙara gishiri ba. Cikin ya ninka ɗakin taronmu uku. Rufin a lanƙwashe yake daga bango zuwa bango, ba ginshiƙi ko ɗaya, tubali ne kawai ya dafe ɗan'uwansa. Wuta ta narkar da fuskarsa ya zama santsi, ya yi ta ɗigowa, ɗigon ya daskare a hanya, dubbai, suna rataye a kanmu, in haske ya taɓa su sai su amsa. Ƙasan kuwa ba ƙasa ba ce. An tsiyaye gilashin kafin a kashe wuta, amma abin da ya rage ya kai gwiwa zurfi, ya sandare daga wannan bango zuwa wancan, kore shar. A kansa muke tsaye. Na haska tsakanin ƙafafuna, hasken ya nutse ya yi ta tafiya, ina ganin tsagogi da kumfa a can ciki, kowanne a inda sanyi ya riske shi. Sai da na kama hannun Yaya, don jikina ya ƙi yarda cewa ba ruwa ba ne.

"Ki yi shiru ki ji," ya ce.

Na yi shiru. Can sai na ji ƙas, daga nesa. Sai wani ƙas a bayanmu, siriri.

"Bai gama hucewa ba. Yau kwana goma sha shida da kashewa."

Sai a lokacin na lura ɗumi yana ratso takalman yana shiga tafin ƙafata. Kwana goma sha shida. Na tambaye shi yaushe rabon da mutum ya tsaya a nan.

"Shekara goma sha ɗaya da wata huɗu. Tun ranar da aka kunna wutar nan ba ta mutu ba ko na minti ɗaya. In ta mutu da gilashi a ciki an gama, sai dai a zo da guduma. Ranar da kika haifi Ummi ina nan. Ranar da Inna ta rasu, sai da na samu wanda zai tsaya mini kafin na fita."

Ummi 'yata ce. Na tuna ranar haihuwarta, na tuna na yi fushi da bai zo asibiti ba sai yamma, har na kwana biyu ba na gaishe shi da kyau.

Ya ja ni zuwa bango ya kama hannuna ya sa a wani kwari da ya zagaye tanderun gaba ɗaya, daidai tsayin ƙirjina. Hannuna ya shige har gwiwar hannu. Cikin sumul yake, ba kaifi ko kaɗan.

"Wa ya sassaƙe wannan?"

Ya yi dariya har ta dawo mana daga rufi. "'Yar boko. Gilashi ne. Nan ne iyakar inda yake kaiwa in ya narke. Tubalin nan da aka sa shi, kaurinsa daga yatsana zuwa kafaɗata. Yanzu saura faɗin tafin hannu. Kullum gilashi yana lasarsa kaɗan-kaɗan. Kowace kwalba ta fita da ɗan abin da ta ɗiba. Ni ta waje nake ganewa, in na ga ƙarfe ya fara ja sai in sa a ƙara iska a wurin. Shekara biyun nan na ƙarshe lallaɓa shi kawai muke yi, kamar tsoho."

Na tsaya hannuna a cikin bangon. Tsoro ne ya kama ni, da wani irin girmamawa da ban taɓa ji wa wani abu da mutum ya gina ba. Shekara takwas ina zaune a saman wannan ina cin abinci a teburi, ina faɗa da mutane a kan waƙafi.

Da muka fito ya zagaya da ni baya, wurin wani ginshiƙin ƙarfe mai kauri. An yi rubutu a jikinsa da walda, layi huɗu, kowanne kwanan wata ne da suna a gefe. Na sama ya yi tsatsa har da kyar ake karantawa.

"Duk wanda ya kunna, a nan ake sa shi," in ji Yaya. "Na farkon nan ban san shi ba. Na biyu na tarar da shi yana gadi. Na uku shi ya koya mini aiki. Na huɗu, kin san shi, mai ɗingishin nan da ya zo bikinki." Ya shafa wurin da ba rubutu a ƙasa. "Nan nawa ne, in Allah ya kai mu."

Ni kuwa sana'a ta riga ta lalata ni, ba na ganin lambobi biyu ban ɗebe ɗaya daga ɗaya ba. Goma sha biyu. Goma. Goma sha ɗaya. Yanzu kuma goma sha ɗaya. Na ciro waya na ɗauki hoto, na tsaya ina ta kallon lambobin.

"Lafiya, Auta? Zafi ne?"

Da na yi shiru da ya fi mini sauƙi, amma ban iya ɓoye wa Yaya abu ba. Muka zauna a kan wani tulin sabon tubali na zayyana masa komai: riba biyun, da layin da aka ce in rubuta, da abin da zai sami ladan in ban rubuta ba. Ina tsammanin zai tashi ya ce wane ne ya isa ya ce aikinsa tsautsayi ne. Bai tashi ba.

"Su masu hannun jarin nan, su waye?"

"Bankuna. Asusun 'yan fansho. Da mutane haka nan."

"Sun san ni?"

"A'a."

"To ni ma ban san su ba." Ya miƙe ya kaɗe wando. "Ban san aikinku ba, Auta. Kwano na sani. Ki rubuta abin da Darakta ya ce, damina ba ta jiran kowa."

Na hau sama da takalman mutane ban sani ba, sai da mai gadi ya biyo ni. Layin yana nan a kwamfuta inda na bar shi. Na karanta shi ya fi sau goma. Jiya da na buga shi ba ƙarya na yi ba, jahilci ne. Yau kuwa hannuna ya shiga bangon nan har gwiwa. Na yi ta neman wata kalma da za ta tsaya a tsakiya, na gwada "ba kasafai ba", na gwada "na musamman", duk na san wayo ne, kuma na san in wani ne ya kawo mini su da na ja musu jan layi. Haushin kowa nake ji, na Darakta, na kwamiti, har na Yaya da ya kira ni in gani. Daga ƙarshe na goge na rubuta: Wannan aiki ana yin sa duk bayan shekara goma zuwa goma sha biyu. Wannan ne karo na huɗu, kuma za a sake.

Na kai wa Darakta tare da hoton. Ya karanta, ya cire tabarau, ya mayar.

"Kin san abin da wannan zai jawo?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Zan iya rubuta nawa in sa hannu."

"Za ka iya. Sai dai masu binciken kuɗi za su tambayi inda nawa yake, ni kuma in suka tambaye ni zan nuna musu wannan."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya jawo wayar ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe a kai, leɓensa yana motsi. Shi ma ɗebewa yake yi.

"Ina ne wannan?"

"A ƙarƙashinmu."

"Shekarata shida a nan," ya ce a hankali, kamar ba da ni yake ba. Sai ya turo mini wayar. "Mu nuna lambobin biyu, da bayaninki a ƙasa. Amma ke za ki shiga gaban kwamiti, ba ni ba."

Na shiga. Ba su ɗauki minti ashirin ba. Abin da yake dawowa ba a cire shi a lissafin lada, haka takardarsu ta ce, kuma ni na kawo musu hujjar da hannuna. Masu hannun jari kuwa, da na zaci za su tayar da ƙura, farashin hannun jarin ya ɗan sauka na sati guda ya koma. A taron da aka yi da su ta waya wata mata daga asusun 'yan fansho ta tambayi shekarar da za a sake, ta ce za ta rubuta, ta yi godiya. Iyakar abin ke nan a wajensu.

A wajenmu ladan ya dawo kashi ɗaya cikin uku. Ba a rufa sirri a masana'anta, kafin a liƙa takardar kowa ya san biron wa ya yi aikin. In na shiga kantin abinci sai hira ta mutu. Mai shara ta daina cewa "'yata" ta koma "hajiya". Yaya bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. In na kira sai matarsa ta ɗauka ta ce yana wanka, mutum ɗaya yana wanka sau huɗu a yini. Na aika da kuɗi a ambulan, ta dawo mini da shi da kanta, tana ta ba ni haƙuri, idonta a ƙasa. Da ruwan farko ya sauka na bi ta layinsu a mota ban tsaya ba. Ya ja tamfol shuɗi a kan ɗakunan ya danne da duwatsu da tsohuwar taya. Na yi kuka a motar, kuma ko a lokacin ban ji cewa da an mayar da ni baya zan rubuta wani abu dabam ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ranar kunnawa aka ce duk ma'aikata su sauko da ƙarfe tara na safe. Na so in fake da aiki, Darakta ya leƙo ya ce in taso, shi ma yau zai fara gani. Na tsaya can baya kusa da ƙofa inda ba wanda zai matsa don ni.

Ta wata 'yar taga da aka bari a buɗe ana hango cikin. Fari fat, sabon tubali layi-layi, ba ɗigo, ba kwari, ba kowa. Na zaci za a ji wata ƙara, wuta ta tashi har rufi. Yaya ya fito da kayan aiki wankakku, riƙe da sandar ƙarfe mai tsumma a baki. Ya tsaya ya yi bisimilla, ya kunna tsumman da ashana ta gida, ya zura. Wata 'yar wuta shuɗiya ta kama a bakin bututu, tsawonta bai fi hannun jariri ba, ita kaɗai a cikin wannan ɗaki. Na ji wani a gabana yana gaya wa Darakta cewa haka za a bi ta kwana goma sha biyu ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, in aka yi gaggawa tubali zai tsage. Mutum ɗari huɗu, ba mai tari. Muna kallon abin da ba zai mutu ba sai 'yata ta gama jami'a, in Allah ya raya ta. Sai mai walda ya durƙusa a gindin ginshiƙi, tartsatsi ya fara tashi, aka soma tafi.

Ina shirin sulalewa na ga mutane suna darewa. Yaya ne yake tahowa, sandar tana hannunsa har yanzu tana hayaƙi. Ya tsaya a gabana. Bai yi murmushi ba, ni ma ban san inda zan sa idona ba.

"Ina kwana, Yaya."

"Shekara nawa kika rubuta musu?"

"Goma zuwa sha biyu."

"Kin rage. Na duba tubalin nan ɗaya-ɗaya kafin a ɗora. In aka kula da shi zai kai sha huɗu."

"Sai in gyara a rahoto na gaba."

"Bar shi, kada su saki jiki." Ya juya ya kalli 'yar tagar. "Saura mini shekara shida in ajiye aiki. Ranar da za a kashe wannan ba na nan. Daraktan nan ma ba ya nan, wani ne zai zo, sabo, mai tabarau, ya ce ba a taɓa yi ba."

Ni ma na juya na kalli 'yar tagar.

"Ke kina nan," ya ce. "In ya faɗa, ki sauko da shi. Ki nuna masa layi na biyar, ki ce yayanki ne."

Wani ya ƙwala masa kira daga wajen bututun, ana son a duba iska. Ya miƙo mini sandar ya ce in riƙe masa ta ƙasa, saman da zafi, ya tafi.